Lafiyarsa Ƙalau

Keziah ta tare Likita Tarpley a bakin barga, ta riƙe linzamin dokinsa. Baiwarsa ce, ita ke yi masa girki. Shi ne kuma faston cocinsu, shi ya tsoma ta a kogi ranar baftisma, tun ran nan 'yar'uwa yake ce mata.

"Maigida, yau tsoho Maddox zai sayar da mijina Abram. Dillalin ya ce ba zai saya ba sai ka duba shi."

"Na sani."

"Abram jini yake tofarwa tun girbin taba. Kai ka ba shi magani. Ban ce ka yi ƙarya ba. Gaskiyar kawai. Ba mai sayen bawa mai tari."

"Saki linzamin, 'yar'uwa."

Ta saki. Ta bi shi a ƙasa har harabar kotu, inda ake cinikin bayi.

Zaɓe ya ƙarato, Likita kuma yana takara. Rabin gundumar nan 'ya'yan Maddox ne da surukansa, inda ya nuna nan suke jefa ƙuri'a. Yana zaune a kan ganga, yana taunar taba.

"Fasto, Likita, ɗan majalisa!" in ji Maddox. "Da wace hula ka zo mana yau?"

"Da wadda ta fi dacewa da rana."

Aka yi dariya. Aka tuɓe wa Abram riga. Likita ya duba haƙoransa, ya matsa dantsensa, ya ɗora kunne a ƙirjinsa. Ya daɗe a haka. Keziah na kallon ƙeyarsa, leɓenta na motsi.

Tarin ya taso. Kafin ya fito, Likita ya toshe bakin Abram da farin hankicinsa, ya goge, ya ninke, ya cusa aljihu.

"Ƙura ce," ya ce wa dillalin. "Lafiyarsa ƙalau. Zai yi maka noman auduga."

Aka ɗaura wa Abram sarƙa, aka sa shi a keken doki. Keken ya nufi kogi, inda jiragen ruwa masu kai bayi gonakin Kudu ke jira. Bai waiwayo ba, tarin ya duƙar da shi.

Da la'asar Likita ya same ta a madafa, wuta ta mutu a murhu.

"Kada ki sa abin a ranki. Na ji ƙirjinsa. Ba zai daɗe yana wahala a can ba."



Ya zaro hankicin ya ajiye a kan tebur.

"Ki wanke shi da ruwan sanyi, 'yar'uwa. Ruwan zafi kama jini yake. Gobe Lahadi, ina da wa'azi."