Ranar da Aka Gwada Agogon Hamo

Shekara arba'in da ɗaya igiyar ƙararrawar babban cocinmu tana hannuna. Ni Osbern, ni nake gaya wa gari lokaci. A bangon kudu akwai doguwar ƙusa da zane-zane a ƙarƙashinta. In inuwar ƙusar ta hau zane sai in ja igiya, limaman coci su shiga addu'a, masaƙa su miƙe baya. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta sa'a goma sha biyu ce, haka muka tarar. Da zafi yini na da tsawo, sa'o'in su miƙe. Da sanyi su takure kamar tsoho a bakin murhu. Babu wanda ya taɓa ganin abin magana a nan.

Sai Hamo maƙeri, mijin 'yata Aldith, ya ƙera wa coci agogo. Shekara uku yana dukan ƙarfe, aka hau da shi hasumiya bayan girbin sha'ir, ana ta cewa babu irinsa a kudancin Ingila. Ba shi da fuska, ba abin da za ka kalla daga ƙasa, guduma kawai yake ɗagawa ya bugi ƙararrawa da kansa. Na ƙi hawa in gan shi. Ka ba mutum 'ya, ya saka maka da ƙwace igiya! Haushi na ji, ba zan ɓoye ba.

Da farko agogo da inuwa bakinsu ɗaya. Da sanyi ya shigo sai suka fara rabuwa, kullum tazarar na ƙaruwa. Asirin ya tonu ne a azumin kafin Kirsimeti, lokacin da ba a sa komai a baki sai bayan addu'ar sa'a ta tara. Inuwa ta hau zanen tara, miyar wake tana hucewa a kicin, agogo ya yi gum. Sai da aka kusa cinye wata sa'ar sannan ya buga. Fada Ranulf, shugaban limaman, mutum ne da zai yafe maka zagi amma ba zai yafe maka yunwa ba.

“Ƙarfen nan maƙaryaci ne,” in ji shi. “Osbern, kai ka san rana. Zaɓi wani yini kafin bikin Ista a gwada shi da inuwa. In ya saɓa, a farfasa shi a yi garemani, shi kuma Hamo ya bar garin nan, tunda coci ya yaudara.”

Washegari Aldith ta same ni ina gyaran igiya, da tsohon cikinta.

“Baba, in aka kore shi fa da ni aka kora.”

“Ni na ce ya ƙera abin da ba ya jin magana?”

“Ka taɓa ganinsa ma? Mutum ya yanke wa abu hukunci bai gan shi ba! Ko matakalar ce ta fi ƙarfin gwiwarka?”

Ta san inda take taɓawa, halin uwarta ne. Na hau.

Na tarar da Hamo a durƙushe, idanu jajur, yana matsar da wasu 'yan ƙarafa a kan wata sanda. Amma ba shi na kalla ba. Abin ya kai keken shanu girma. Fayafayan ƙarfe masu haƙora suna cizon juna, manyan duwatsu biyu na rataye da igiya suna son faɗuwa, sandar nan ta sama kuma tana kaɗawa dama da hagu, tana ba su izinin sauka kaɗan-kaɗan. Ƙas, ƙas, ƙas. Ba mai turawa, ba mai ja. Na cire hula ban sani ba.

“Baba, na rasa inda cutar take,” in ji Hamo. “In na daidaita shi yau, bayan sati ya kauce.”

“Ɗauke hannunka,” na ce. “Ba ni alli.”

Na sa alama a babban faifan, na zauna ina karanta Zabura har alamar ta kewayo. Zabura ashirin da biyu na karanta. Da yamma na sake, ashirin da biyu. Na yi ta hawa har dusar ƙanƙara ta narke, lissafin bai taɓa sauyawa ba. Ni kuwa na san sa'ata da sanyi ba ta wuce Zabura goma sha biyar, da zafi takan kusa talatin. Ashe ƙarfen ba ciwo gare shi ba. Sa'arsa ɗaya ce tak, ba ruwanta da sanyi ko zafi, irin ta ranar da yini da dare suke yin kunnen doki. Wanda ya ƙera shi ma bai gane haka ba. Na ce wa Fada Ranulf a yi gwajin ranar Waliyyi Girigori, cikin babban azumi, don a ranar ce yini da dare suke yin daidai.

Ranar gari ya cika farfajiyar coci. Hamo ya tayar da agogo da fitowar rana, aka sauko da Hamon aka kulle ƙofar hasumiya. Inuwa ta hau zanen farko, ƙararrawa ta amsa. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Mutane suka fara kallon juna. Kafin tsakar rana kuwa hadari ya haɗo daga yamma, yayyafi ya sauko, inuwa ta ɓace.

Agogo ya ci gaba da bugunsa, amma babu mai shaidarsa. Muka yi ta jira a jiƙe, ƙamshin gasasshen kifi yana tasowa daga kicin. Can Fada Ranulf ya matso kusa da ni.

“To, Osbern, rana ta ƙi zuwa shaida, sai kai. Shekara arba'in ba ka taɓa bari hadari ya hana mu addu'a ba. Tara ta yi ko ba ta yi ba? Ni dai cikina ya ce ta wuce.”

Nawa cikin ma abin da ya ce ke nan. Igiyata tana nan a bakin ƙofa inda take kullum. In na ja, maganata ta zauna, agogo ya zama garemani, in mutu da igiya a hannu kamar ubana. Na kama ta. Na hango Aldith a jikin bango riƙe da jaririnta.

“Ja mana, tsoho,” wani mahauci ya ɗaga murya, “ko hannun ya mutu ne?”

Aka yi dariya. Na tsaya riƙe da igiyar, ruwa na bin gwiwar hannuna, ban ja ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba.

Sai hadarin ya tsage ta kudu maso yamma, rana ta zubo a bangon. Ga inuwar nan, siririya, saura faɗin yatsa ta kai zanen tara. Muna kallo tana rarrafawa, tana rarrafawa. Tana taɓa zanen, guduma ta sauka a sama. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Wata tsohuwa ta durƙusa a cikin taɓo. Abin nan fa yana kulle a ɗaki mai duhu, bai ga rana ba tun sassafe, amma ya san inda take.

Fada Ranulf ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

“Me ya hana ka ja?”

“Ban san lokacin ba, Fada,” na ce, yadda kowa zai ji. “Ban taɓa sani ba. Duk ranar da hadari ya rufe, shekara arba'in da ɗaya, cikina nake tambaya in ja muku igiya. Shi wannan ba ya jin yunwa.”

Babu wanda ya yi dariya. Na naɗe igiyar na rataye ta a ƙugiyarta, Fada ya miƙa wa Hamo mabuɗin hasumiya.

Da yamma ina zaune a gidan Aldith, ta ɗora mini jikana a cinya, sai agogo ya buga sa'a ta goma sha ɗaya. Hannuwana suka ɗaga da kansu suna laluben igiya. Yaron ya kama yatsana ya riƙe gam.