A Ƙarshen Wannan Darasi

Dariyar magatakarda ce ta fara dukan Hajjo, kafin ta mutanen layi ta biyo baya.

Tun hantsi take tsaye a layin hatsin agaji a Unguwar Lalle, da goyo a bayanta. Damina biyu ke nan gero yana bushewa a tsaye. Mijinta Kalilu ya tafi cin rani, an kuma ce duk matar da za ta karɓi rabon mijinta sai ta kawo wasiƙa da boko, ba ajamin da ta iya ba. Ba ta damu ba. Ai tana da ’yarta Ruƙayyatu, ’yar aji biyu a ƙaramar sakandare, mai rubutu kamar zanen ƙwarya.

Magatakardan ya ɗaga takardar da yarinyar ta rubuta, ya karanta da ƙarfi: “A ƙarshen wannan darasi, ɗalibai za su iya rubuta wasiƙa.” Ya share ƙwallar dariya. “To, in sunka iya ki dawo. Da la’asar muka rufewa. Na baya!”

*

Ba ta bi ta gida ba, sai makarantar su Ruƙayyatu. Ta tarar da Malam Usmanu yana cika allo, ya ba yara baya.

“Malam, mi kaka koya ma ɗiyata?”

“Baiwar Allah, haka ake shiga aji ba sallama?”

“Sallamata na baro ta wurin buhun gero. Karanta!”

Ya dubi takardar a wulaƙance. “Manufar darasi ce. Ta kwafa daidai, ko ɗigo ba ta bari ba.”

“Wasiƙa nic ce ta rubuta min!”

“Mun gama wasiƙa tun wancan zango. Duba littafinta, na sa hannu.”

Hajjo ta juya. “Ruƙayyatu, tashi. Rubuta sunan ubanki ga allon ga.”

Yarinyar ta karɓi alli. Idonta ya yi ta yawo a allo yana neman abin kwafa. Ta yi harafi biyu, ta tsaya. Wani yaro ya yi dariya daga baya. Sai a lokacin Hajjo ta ga cewa ita ma ta tozarta ’yarta a bainar jama’a.

“Yara tasa’in da huɗu gare ni,” in ji malamin. “Sufeto littafi yake dubawa, ba kan yaro ba. In kin fi ni iyawa, ga alli.”

“To kai rubuta min, kahin la’asar.”

“Ni malami ne, ba marubucin bakin kasuwa ba. Fitar min daga aji.”

*

Kafin ta samo mai rubuta mata, an naɗe tabarma an kulle ɗakin hatsi.

Da yamma ta aza tukunyar ganyen tafasa. Icen ya ƙi kamawa. Ruƙayyatu ta matso, ta miƙo mata littafinta. Hajjo ta yage shafi guda ta cusa a murhu. Kyakkyawan rubutun ya lanƙwashe ya yi baƙi. Abin da wuta ta ci a ƙarshe shi ne jan biron malam a ƙasan shafin.

“Mi yar rubuta nan?”

“Madalla,” in ji yarinyar. “Ita na gane, Inna. Tana ga kowane shafi.”