Ajiyar da Inna Ta Kai wa Dudu

Shekara talatin da wani abu zinariyar Inna tana ƙarƙashin randa. Ɗan rami ne da tukunyar ƙasa a ciki, an rufe da falalen dutse, randar ruwan sha a kai. Sau biyu aka shiga gidanmu na Yelwa ina yaro, aka kwashe rediyo da atamfofi da keken Baba. Ba wanda ya ɗaga randa.

Ni na ɗaga ta. Na dawo daga Indiya bayan shekara tara da takardar injiniya, aikin da na samu koyarwa ne a wata sakandare. Na ce yanzu ba a ajiye dukiya a rami. Na sayo akwatin ƙarfe mai lambobi, na sa aka kafe shi da siminti a ɗakinta.

"Injiniya," in ji Inna, haka take kirana tun da na dawo, "mutum nawa sunka sauko da wanga abu daga mota?"

"Huɗu."

"Da birkila, biyar. To, ka yi wa gari shela."

Amma ta bari na zuba kayan: sarƙoƙi biyu, 'yan kunne, murjani, da warwaron azurfa na uwarta. Ta sa na koya mata lambobin tana lalube da yatsa, don yanar ido ta fara rufe mata gani. Likita a Sakkwato ya ce a yi aiki kafin ƙarshen damina, in an wuce haka ba ya lamunin na hagun. Albashina ba zai kai ba. Mun shirya da ita za a sayar da sarƙoƙin.

Ranar sunan ɗan ƙanwata Zuliha duk gidan muka tafi Shanga. Da muka dawo da la'asar, ƙofa a ɓalle, ɗakin Inna da rami inda akwatin yake. Maƙwabta sun ji sara tun hantsi, suka zaci wani aikin na sake sawa.

Inna ta shafa bakin ramin da ƙafa, ta yi dariya.

"Ƙarfe sunka ɗauka. Bari su sha nauyi."

Ashe akwatin ko kwana bakwai bai yi da kayan ba ta kwashe su.

"Alhamdulillahi. Suna ina, Inna?"

"Na ba Dudu ajiya."

Dudu yayarta ce. Ta rasu Inna tana da shekara goma sha ɗaya, shekara guda kafin a tashe su daga tsohuwar tungarsu saboda madatsar Kainji. Kabarinta yana ƙarƙashin tafki, tare da gidan da aka haife su.

Muka tona ƙarƙashin randa. Muka farke matasai, muka juye buhunan shinkafa, muka hau rufin kwano. Zuliha ta ja ni gefe.

"Yaya, kan Inna ya fara taɓuwa. Kai ka jawo. Abu na zaune lafiya, ka zo da boko."

Amma kan Inna lafiya yake. Tana sane da farashin gishiri da sunan kowane jika. Kowace safiya in gaishe ta, in tambaya, amsa ɗaya.

"Dudu ba ta zuwa suna, ba ta zuwa kasuwa. Kullum tana gida. Wa ya fi ta iya tsaro?"

Sati biyu a haka, sai ga Dauda, ɗan wan Inna, masunci a gaɓar Wara. Ya zo jaje da kwandon banda. Da ya ji abin da muke nema sai ya sunkuyar da kai. Ya ce wata Talata, ni ina makaranta, Gwaggonsa Inna ta sauka daga mota ita kaɗai, ta ce ya tuƙa ta bisa tsohuwar tunga. Ta ɗaure wani ƙunshi da ɗan dutsen niƙa, ta yi bisimilla, ta sake shi.

"Kuma ka bari?"

"Gwaggo ta hwa. Kuma ba ita ta fara ba. Tsofaffin tungarmu sun daɗe suna kawowa. Mu dai namu tuƙi."

Ruwa ya ja baya a lokacin, ambaliya ba ta iso ba. Muka tafi da safe. Inna ta ce ba za a shiga gidansu ba ta nan ba, dole muka sa ta a tsakiyar kwalekwale. Dauda ya kashe inji inda kan wani mataccen itace ya fito daga ruwa, ya daidaita shi da wani tsauni a hayi, ya jefa anga. Babu iska. Ruwan launin koko ne, ko tafin hannunka ba ka gani in ka tsoma.

"Nan ne tsakar gida," in ji Inna. Idonta a rufe.

Dauda ya tuɓe riga ya nutse. Na ƙirga daƙiƙu a agogo. Ya fito da wani ƙunshin leda, laka na zuba. Inna ta karɓa, ta bi ƙullin da yatsu.

"Ba nawa ba ne. Ɗaurin Balaraba ne, bahaguwa ce."

Balaraba ta rasu bara. Na tuna 'ya'yanta sun rushe ɗakinta suna neman awarwaronta, har yau biyu daga cikinsu ba sa gaisawa.

Na biyu gwangwanin madara ne an toshe shi da kwalta. Na uku kwalla ce 'yar ƙarama, an naɗe da igiyar taru. Inna ba ta gane su ba, ba ta kuma bari na buɗe ba. Ƙunshi uku na mutane a gabana, ni na sa aka ɗauko su daga inda masu su suka ajiye, da rana tsaka.

"Injiniya," ta ce, "waɗancan ɓarayin dai ƙarfe sunka samu."

 Na ce wa Dauda ya sake nutsewa.

Wannan karon ya daɗe. Da ya fito hannunsa babu komai. Ya riƙe gefen kwalekwale yana haki, bai dube mu ba.

"Na taɓa dutsen niƙan. Shina cikin ɗaki, jikin bango. Na ja igiyar."

"Sai me?"

"A riƙe take."

"Saiwa ce. Ko ƙasa ta danne."

"Ƙila," in ji Dauda. Ya hau, ya mayar da rigarsa.

Na ce ya sauka da wuƙa. Na ce zan kira wasu masunta, ya faɗi wanda ya fi kowa numfashi. Ya ce in kira wanda nake so, amma duk gaɓar nan babu wanda ba shi da kaka a ƙarƙashin ruwan nan.

Na juya ga Inna. "Idonki, Inna. Saura wata biyu."

"Na sani."

Ta dafa gefen kwalekwale ta sunkuya har gyalenta ya jiƙe. Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya, ban taɓa jin ta haka ba.

"Yaya, ni ce Kulu. Ido nike son gyarawa. Ba ni kayana, in an gama in kawo saura."

Muka jira. Kifi ɗaya ya yi tsalle can nesa. Inna ta ci gaba da sauraro har rana ta zo tsaka, sannan ta miƙe zaune ta matse gyalen.

"Mayar wa mutane da kayansu."

Ni na sake su, ɗaya bayan ɗaya.

Na koma sau biyu da masu nutso daga wani gari. Na farkon ba su gane ɗakin ba. Na biyun ambaliya ta riga ta iso, kan itacen ya nutse, Dauda ya ce shi ma ba zai iya nuna wurin ba. Na haɗa kuɗin aikin daga albashi sai bayan shekara da rabi. Aka yi. Idon dama ya buɗe. Na hagun likita ya haska shi da fitila, ya kashe fitilar, ya kira na gaba.