Ɓargon da Mai Fenti Ya Ƙi

"Ku cire min wannan abin," in ji Mai Fenti, yana fizgar robar ƙarin ruwa. "Ɓargon wancan munafukin ba zai shiga jikina ba."

Ni direban tasi ne, ni nake kai shi asibiti kwana bakwai a jere kowane wata don allurar kansar jini. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, ban taɓa jin ya gode wa kowa ba. Wanda yake kira munafuki kuwa abokin tagwaicinsa ne, malamin makaranta, yana tsaye a bakin ƙofa da takardar gwaji a hannu.

Rigimarsu ta tsufa. Mai Fenti a tsakar gidan gado yake fesa wa motoci fenti, har yara suka riƙa tari. Malam ya kai ƙara hukuma aka rufe wurin. Tun ranar aka ja katanga a tsakiyar gidan, ko gaisuwa babu.

"Likita, ki gaya min gaskiya," in ji Mai Fenti. "Ciki ɗaya, rana ɗaya. Me ya sa ni, ba shi ba?"

Likitar ta ja kujera ta zauna. "Baba, rubutun halittarku iri ɗaya kuka zo da shi. Amma a jininka akwai layukan da suka rufe, kamar an bi rubutu da fenti. Umarnin da ke hana ƙwayoyin jini yaɗuwa barkatai yana nan, sai dai ba ya karantuwa. Allurarmu kankare shi take yi, kuma ta fara gazawa. Dashen ɓargo ne ya rage."

"To wa ya rufe layukan?"

"Shekaru na yi. Wani lokaci abin da mutum ya daɗe yana shaƙa. Sau da yawa ba mu san dalili ba."

Da ta san su, da ta haɗiye maganar shaƙar nan. Idon Mai Fenti ya kaɗa ya yi ja, ya juya ga Malam.

"Ashe har nan ka biyo ni ka sa mata magana a baki. So kake a ce kai ne mai gaskiya, ko? In sha ɓargonka, ka bi unguwa kana cewa da ba don kai ba da na mutu."

"Yaya, ba zan faɗa wa kowa ba," in ji Malam.

"Fita."

A mota na kasa haƙuri, don raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ana ga yaƙi kana ga ƙura, mutum ya kawo maka rai a hannu kana kore shi kamar ɓarawo. Ya ce in kula da titi, shi ba wa'azi ya hau ba. Matarsa tana baya tana share hawaye da gefen mayafi.

Ita ce ta roƙi likita a fara shirya Malam, ta ce za ta shawo kan mijinta. Ba ta shawo shi ba. Ranar Laraba zazzaɓi ya rufe shi, jikin ba shi da abin kare kansa. Kafin la'asar ɗin Alhamis ya cika, fuskarsa na kallon bango. Na ji haushinsa, na kuma yi kuka, duk a lokaci guda.

Bayan an watse daga maƙabarta, na tarar da Malam a kan dakalin ƙofar gida, ya dafe ƙugu da hannu biyu.

"Lafiya, Malam?"

"Ƙasusuwana ke ciwo. Kwana huɗu suna min allurar da ke sa ɓargo ya yawaita. Likita ta ce ciwon alama ce ta ya cika, gobe ne ya kamata a ɗiba."

Na zauna kusa da shi. Ya ɗaga hannun rigarsa, ya kama gefen filastar da ke damtsensa kamar zai ɓare, sai kuma ya mayar da ita, ya shafe ta da babban yatsa har ta kwanta.