Akwatin Kayan Wasa

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kwalejinmu ma ta ce ta waye, aka dawo da ƙungiyar ɗalibai da aka daɗe da haramtawa. Kuɗin ƙungiyoyi da kowa ke biya lokacin rajista, wanda a da wani malami ke rabawa a ofishinsa, yanzu mu za mu raba da kanmu. Kowace ƙungiya ta turo shugabanta, a ɗaga hannu, mafi rinjaye su ci.

Ni Salahuddeen nake jagorantar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Abu ɗaya nake nema, motar da za ta kai mu gasa a Zariya. Shekarata ta ƙarshe ce, kuma wasan ni na rubuta shi, na ɗinka kayansa a keken babana a Ƙofar Sauri.

Da abokina Nu'uman ya tsaya takarar shugaban ɗalibai, mu muka yi masa kamfe. Muka bi aji-aji muna kwaikwayon abokin takararsa har mutane na riƙe ciki. Ya ci, ya rungume ni ya ce, “Darakta, ka ɗauka kun isa Zariya.”

Ana jibi zaman rabo ya same ni. “Ara mani akwatin kayanku, hoto za mu yi.”

“Hoton mi?”

“Na kalanda. Haba Darakta, ni ne hwa.”

Na ba shi, har da taya shi ɗorawa a kan babur.

Ranar zama na shiga zauren taro da wuri, na tarar an ƙara benci. Sakatare ya fara kiran ƙungiyoyi, sai na ji sunayen da ban taɓa ji ba. Ƙungiyar Ɗaliban Ƙofar Kwaya. Ƙungiyar Ɗaliban Ƙofar Marusa. Haka ya bi ƙofofin Katsina kaf, har da waɗanda ganuwarsu ta rushe tun kafin a haife mu. Kowace aka kira sai shugabanta ya miƙe cikin babbar riga, yana gyara hula.

Na san rigunan. Shugaban Ƙofar Kwaya kuwa Idi ne, tauraron wasana, sanye da shuɗiyar rigar da na ɓata mako ina yi wa aiki. Na Marusa Almu ne, makaɗinmu. Yarana ne duka, ba wanda ya yarda muka haɗa ido.

Nu'uman ya kawo shawara a zuba kuɗin bana duka a bikin rantsar da shi, tunda dimokuraɗiyya ta dawo. Na miƙe na yi maganar Zariya. Aka ɗaga hannu. Hannayen rigunan da na ɗinka suka tashi sama gaba ɗaya.

A bakin ƙofa na tare Idi. “Kai ma?”

Ya sunkuyar da kai. “Darakta, ya ce mu za mu yi wasa ran bikin, gaban manyan baƙi. Zariya kuma ai ba tabbas mu ci.”

Raina ya ɓaci, amma abin da ya fi ci mini rai daban ne. Tun da muka fara atisaye nake fama da Idi ya koyi tsayuwar babban mutum, yana kasawa. Ranar nan ya iya.

Da yamma Nu'uman ya aiko da akwatin, an wanke kayan an goge. Har yau ban buɗe shi ba.