Tonon Kaza a Tashar Kore Mairuwa

Mushe Abdulwahid (Mushe ake kiran malamin boko a can), malamin zane a wata lakkol, wato makarantar boko, ta Kore Mairuwa, yana da ra'ayi guda da ba ya sakewa: abin da hannu ya yi ba da niyya ba, tonon kaza ne, kada a kira shi zane. Yaron da ya kama yana 'yan zane-zanen banza a gefen littafi, sai ya sa shi ya zauna a kan hannuwansa har a tashi.

Wata safiya ya sa 'yarsa Lubabatu a motar Dogon Dutsi, za ta koma makaranta. Motar ta tashi, ya zauna wurin mai shayi, ya tsinci kara yana taɓa ƙasa, hankalinsa na wani wuri. Ɗigo, ɗigo biyu, layi, har jeri huɗu.

Wata tsohuwa 'yar Lugu da ke jiran mota ta leƙo, ta ja da baya.

"Ɗana, wa kaka yi ma duba?" ta tambaye shi.

"Duba kuma? Wasa na, inna. Ban ma san na yi ba."

"Ubana bugun ƙasa ya yi har ya mutu. Wanga jeri sau biyu na taɓa ganinai. Na matahiyi na. Duk biyun ba su isa ba."

"Ni ban yi niyyar komi ba!"

"Ban tambaye ka niyya ba. Wa ke ranka sa'adda hannun ke tahiya?"

Ya buɗe baki zai ce ba kowa, sai Lubabatu ta faɗo masa a rai. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya goge ɗigogin da takalmi, ya kira wayar Lubabatu. Tana shiga, ba a ɗauka. Ya ce wa kansa ƙarar mota ce. Ya sake kira, ya sake.

Da ya dubi ƙasa, sai ya ga karan na hannunsa na hagu, kuma jeri uku sun riga sun koma inda suke. Saura ɗaya.

Ya yi jifa da karan, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya danne. Nan wayar ta fara ruri a kan gwiwarsa, lambar da bai sani ba.

"Mushe, ɗauka mana," in ji mai shayi.

Bai ɗaga ba. Bai yarda da ko ɗaya cikin hannuwan ba.