Malam Sharhabilu da Rogon Kwalba

Shekara uku ke nan rogon Tukur na Dakko yana ciwo. Ganye ya murɗe ya yi ɗorawa, in an tona sai a tarar da saiwa kamar yatsa. 'Yarsa Baturiya, wadda ke aiki a wani ɗakin binciken tsirrai a Talata Mafara, ta zo gida ta ce za ta kawo masa iri mai lafiya.

A zaure ta yi bayani. Ta ce ana yanko kan tohon rogo, ɗan mitsitsi bai kai ƙwayar gero ba, a wanke shi da sifirit, a dasa cikin kwalba bisa wani abinci mai sukari da ya daskare kamar koko ya kwana. Nan zai tsiro ba cuta.

Abdu mai shayi yana wurin, kuma sifirit kaɗai ya ji, wanda a wurinsa giya ce. Kafin la'asar duk Dakko ta san 'yar Tukur na shayar da rogo giya.

Aka kai magana gun yayan Tukur, Malam Sharhabilu, wanda bai taɓa cewa bai sani ba tun da aka haife shi.

"Ba ni yanke hukunci kan abin da ban gani ba," in ji shi. "Gobe mu tahi in gani."

Ya sha babbar riga da rawani, suka hau mota daga Bakura. A bakin ƙofa Baturiya ta miƙo masa farar riga da takunkumin fuska.

"Baffa, sai kun cire rawani."

"Wanga rawani ya shiga gaban sarakuna. Rogo ne zai hana shi?"

Aka daidaita, aka ɗaura masa leda bisa rawanin. Ya shiga yana kama da buhun taki. Ya ga kwalabe jere a kan kanta ƙarƙashin fitilu, kowace da ɗan koren tsiro. Baturiya ta fesa sifirit a tebur, ya bushe nan take. Ta nuna masa da shi ake goge aska da hantsaki, tohon kuma tsomawa ɗaya ake yi a ɗauraye da tsabtataccen ruwa sau uku.

"Sau ukku?" Malam ya gyaɗa kai. "Ashe rogon ya fi Abdu tsarki."

Daga nan ya ce a ba shi ya dasa ɗaya da hannunsa. Ya ja takunkumi ƙasa don ya yi bisimilla da kyau. Sanyin ɗakin ya bugi hancinsa, ya saki atishawa cikin kwalbar, har 'yar fitilar sifirit da ke ci bisa tebur ta mutu.

"Baffa, wannan ta lalace."

"Rufe ta. Tubarraki ne."

Ta rufe, ta rubuta sunansa a jiki. Malam ya koma Dakko ya sanar cewa rogon halal ne, kuma shi da kansa ya gyara wa ma'aikatan wasu kurakurai.

Bayan kwana goma Baturiya ta zo da kwalbar. Ba tsiro, sai fumfuna baƙa da kore ta cika ta har wuya. Malam ya juya ta a hannu, ya daɗe yana dubawa.

"Kwalbar ce ba ta da kyau," ya ce, ya tura ta ƙarƙashin buzu.

Sauran tsirran da suka yi saiwa aka mayar da su cikin leda da ƙasa, suka yi wata biyu a inuwa suna sabawa da iska, sannan Tukur ya dasa su a gonarsa ta bakin fadama. Ganye ya fito shimfiɗe, kore shar. Da aka tona, sai da mutum biyu suka ɗaga gindi ɗaya.

Mutane suka yi layi neman sandunan iri, har daga Maradun. Tukur ya sa tabarma a bakin gona yana rabawa, kowa sanda biyar. Wata tsohuwa ta karɓi nata, ta ce biyar ba su isa ba, ta zauna a kan tabarmar har aka ƙara mata uku.